Na Raba Baffa da Alƙalaminsa

A yankinmu na yammacin Katsina, daga Batsari ta Sarkin Ruma har Safana ta Yarima, saukar karatu ba ta cika sai da allon zayyana. Yaro zai yi shekaru yana rubutu yana wankewa. Ranar da ya haɗa izu sittin sai a sayo sabon allo a manna masa farar takarda, a rubuta Fatiha a fuska ɗaya, farkon Baƙara a ɗayar, a kewaye rubutun da zane ja da rawaya da algashi. Baduku ya naɗe kan allon da gefensa da jar fata. Da shi yaron zai durƙusa gaban malaminsa ranar walima ya biya, da shi zai zaga gidajen dangi ana sa masa albarka ana ba shi tukwici. Daga nan allon ya koma ɗakin uwarsa, a rataye shi inda duk mai shigowa zai gani.

Wannan ce sana'ar yayan mahaifina, wanda muke kira Baffa, a ƙauyenmu da ke wajen Darini, tun ba a haife ni ba. Da damina manomi ne kamar kowa. Da an kai hatsi rumbu sai zaurensa ya koma wurin aiki, masu sauka suna zuwa daga Wagini, daga Ruma, wasu har daga Runka, kowa da allonsa a hammata. Mutanen gari Malam suke ce masa. Bai tara almajirai ba, bai yi suna a wa'azi ba. Abin da Allah ya ba shi yana hannunsa da idonsa.

Na taso ina kallon aikin nan. Da hantsi ya ɗaga sai ya ja tabarma bakin ƙofar zaure, inda haske ke faɗowa ta hagunsa, ya jera kurtunan tawada, ya kwance tsumman da alƙaluma ke ciki. Na gamba ne, shi yake fiƙe su da kansa, wani mai faɗin baki na cike gida, wani siriri na jan layi. Baƙar tawada gawayi ne da ƙaro, ya daka, ya tace, ya dafa. Ja kuwa da can koya yake jiƙawa, daga baya ya koma garin rini na kasuwa don ya fi kama takarda. Ba shi da kamfas. Manyan da'irori da zare da ƙusa yake fitar da su, ƙananan kuma da wani tsohon kwabo mai huji na zamanin Turawa, wanda ya yi santsi don shan hannu. Zai raba filin takarda gida-gida, leɓensa na motsi yana ƙirga ba sauti, sannan ya fara cikewa daga tsakiya zuwa waje. Allo ɗaya yakan ci masa kwanaki. Ban taɓa ganin ya ajiye wani samfuri a gabansa yana kwaikwaya ba. Sai dai Alƙur'aninsa bugun rubutun hannun Sharu Bala Gabari na Kano ne, kuma wani lokaci yakan buɗe ya tsura wa alamomin hizbi da na sajada ido, ya ce mai wannan hannu ya san abin da yake yi.

Wajen 2018 aikin ya fara canzawa. Ina Katsina a lokacin ina aikin albashi, sai ƙarshen wata nake leƙa gida. Tabarmar na fara lura da ita: ta baro bakin ƙofa ta fito waje neman haske, amma da rana ta yi ƙarfi sai ya dafe goshi ya koma ciki, wai hasken yana tarwatse masa a ido. Sai layuka suka fara haurawa gidan da ba nasu ba. Sai launi: ya sa shuɗi inda ya nufi algashi, ya yi ta maimaita rawaya har ta yi kauri ta koma ruwan ƙasa, yana cewa bai ga ta fito ba. Wanda ya dube shi da kyau zai ga tsakiyar baƙin idonsa ta fara yin fari-fari. Yanar ido ce. Kowa a gidan ya san sunanta, ni ma na sani. Abin da muka ce kawai, tsufa ne, Allah ya sa mu gama lafiya.

A 2019 wani abokin aikina ya kai masa allon ɗansa bisa shawarata, don na sha yi masa alfahari da Baffa. Allon ya iso Katsina zanen a karkace, a cikin rubutun kuma an tsallake ɗigo da wasula a wasu wurare. Malamin yaron ne ya gano, ya ɗauki alƙalami ya gyara, bai ce uffan ba. Abokina ma bai ce komai ba. Ni ne na kwana da abin a rai.

Da an tambaye ni a lokacin, da na ce tsoron Allah ne ya motsa ni, don kuskure a rubutun Alƙur'ani ba abin wasa ba ne, kuma wannan gaskiya ce. Da na ƙara da tausayi: tsoho ya haura saba'in, ya dunƙule a tabarma yana matse ido don kuɗin da bai kai na cefanen mako ba. Wannan ma gaskiya ce. Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, wato kunya. Na ji nauyin a nuna allon a ce ga aikin Baffan wane. Na ji nauyin a ce muna birni muna ɗaukar albashi, mun bar tsohonmu yana neman na goro da rabin ido. Kunyar nan ta fi sauran ƙarfi, ita ta hana ni tsayawa in nemi wata hanya.

Na je gida na tara 'ya'yansa da Inna, matarsa, a bayan idonsa, muka yanke cewa Baffa ya huta haka. Na ɗauki alkawarin aiko masa da kuɗi duk wata, fiye da abin da zayyana ke kawo masa. Washegari yana masallaci na shiga zaure na kwashe kurtunan, na naɗe alƙaluman a tsummansu, har da kwabon, na zuba a buhu na kai mota. Da ya dawo ya lalubi gurbin kayansa bai ji komai ba, sai ya zauna. Na durƙusa na yi masa dogon bayanin da na tsara tun a hanya. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To ɗana, na ji. Kuɗi na gode, Allah shi yi albarka. Amma in gari ya waye, mi zan yi da hannuna?" Na ce ya riƙa jan carbi, ya huta, ya yi mana addu'a. Ya ce, "Dama ina yi." Bai ƙara ba.

Ban tsaya nan ba. Duk wanda ya zo da allo sai a ce masa Malam ya ajiye aiki, ni kuma in kwatanta masa shagunan Katsina da ke buga zayyana da kwamfuta, a manna a yini ɗaya, layi a miƙe, launi tas. Cikin 'yan watanni ƙafa ta ɗauke daga zauren.

Ashe ba allo kaɗai masu zuwan nan ke kawowa ba. Mutum zai zo daga Wagini ya zauna ya sha ruwa, a yi maganar farashin gero, a ji wanda ya rasu da wanda ya yi aure, a tambayi Malam wane launi ya dace da allon mace. Ya dawo bayan kwana biyu ya duba inda aka kai, a sake zama. Rabin duniyar Baffa ta wannan ƙofa take shigowa, ni kuma na rufe ta. Ya fara barcin rana, abin da bai saba ba. Ya daina zuwa zaman makoki in da ɗan nisa. Inna ta kira ni a waya ta ce, "Malam fa ba ya cin tuwo, sai dai ya tsakuri koko." Na ƙara kuɗin wata. Iyakar amsar da nake da ita ke nan.

Babban laifin kuwa, duk wannan tsawon lokaci ban kai shi asibiti ba. Na san da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943. Na san da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A cikin Katsina kanta akwai inda ake aikin ido, ba nisa da inda nake kwana. Na taɓa yi masa maganar a tsaitsaye, ya ce shi ba ya son a kai masa wuƙa ido, ni kuma na cafke wannan amsa da sauri don ta sauƙaƙa mini. Tunda ya daina aiki, me zai yi da kaifin gani? Ban furta da baki ba, amma lissafin da na yi ke nan. Son aikinsa na ɗauka shi ne ciwon, shi na yi wa magani, na bar yanar tana kauri.

Sai kuma ƙasa ta rikice. 'Yan bindigar dajin Rugu suka matsa wa ƙauyukanmu. A Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar, duk a ƙaramar hukumar Batsari. Zuwa gida ya koma sai an tambayi direbobi an ji yadda hanya ta kwana, a shiga da hantsi a fito kafin la'asar. Makarantun allo da yawa suka watse, iyalai suka yi gudun hijira zuwa cikin Batsari da Katsina. Baffa ya ce shi ba inda za shi. A ƙarshen Agustan 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin da sayar da fetur a jarka, a Satumba kuma aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana. Saƙo ya koma sai ta bakin direba ko 'yar takarda. Ba na kawo wannan don in rataya laifina a wuyan kowa. Lokacin da ido ya fara nuna alama hanya a buɗe take, waya tana shiga, mota tana ƙofar gidana.

A tsakanin nan ne wani mai maganin ido ya ratso ƙauyukan, irin masu yawo da jaka gida-gida. Aikinsu sananne ne a Arewa. A zaunar da mai ciwo, wani ya riƙe masa kai, mai jakar ya soka tsinken ƙarfe ta gefen ido ya tura ƙwayar da ta yi fari ta faɗa can ciki. Nan take haske ya shigo, mutumin da ya daɗe cikin hazo ya ga ƙofa, ya ga yatsun da aka ɗaga masa, a yi kabbara, a biya, kafin a kwana biyu mai jaka ya yi gaba. Baffa ya ba da idonsa na hagu, ya biya da kuɗin da nake aiko masa, waɗanda ashe tarawa yake yi a ƙarƙashin shimfiɗa don bai san abin da zai saya da su ba. Inna ta ce a ranar ya sa aka karɓo masa takarda da biro wajen wani jikansa ɗan firamare. Ya ga farin takardar sarai, amma ya ja layi bai ga bakin layin ba. Bayan 'yan kwanaki idon ya yi ja, ya kumbura, ciwon kai ya hana shi barci, har da amai. Kafin labari ya iso ni an yi makonni.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda mutumin da ya ƙi wuƙar likita ya yarda da tsinken baƙon da bai san asalinsa ba. Inna ce ta warware mini. Ta ce mai jakar ya tambaye shi sana'arsa, da ya ji sai ya ce, "Allah gafarta Malam, ai da yardar Allah za ka koma rubutu." Maƙaryaci ne, amma shi kaɗai ya gane abin da tsohon ke nema. Mu da muke ciyar da shi babu wanda ya taɓa faɗa masa wannan magana, ko da a matsayin fata.

Na ɗauko shi zuwa Katsina. Likitar da ta duba shi ta haska idanun biyu, ta auna, sannan ta kira ni gefe. Ta ce na hagu ya tafi. Ƙwayar da aka tura tana nan kwance a cikin ido, ta ta da kumburi, hawan jinin ido ya biyo baya ya kashe jijiyar gani, wadda in ta mutu ba ta dawowa. Ta yi mini bayani cewa ƙwayar nan ba datti ba ce da za a kawar a huta. Ita ke tattara haske ta fitar da bakin abu, shi ya sa a asibiti in an cire ta sai an sa ta roba a gurbinta. Mai tsinke ba ya cirewa, ba ya sa komai, shi ya sa Baffa ya ga takarda bai ga layi ba. Na dama kuwa yana ce zalla, ana iya aiki. Ta tambayi tun yaushe abin ya fara. Na faɗa. Ta rubuta a kati ba ta ɗago ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba.

Daga baya na nemi in san ko mu kaɗai abin ya faɗa wa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, mutum sama da miliyan ɗaya ke nan, kuma kashi 43 cikin 100 na makantar nan yana ce ta jawo ta, ciwon da ake warkarwa. Cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin 100 da tsinke aka tura, abin ya fi yawa a Arewa, kuma sama da kashi 70 cikin 100 na idanun da aka tura wa yana haka an same su a makance. Ba na ganin wautar tsofaffin da ke cikin wannan lissafi. Asibiti yana birni, sai da mota da ɗan rakiya da wurin kwana. Mai jaka kuwa har ƙofar ɗaki yake zuwa. Ko wanne za a riga kai tsoho, ya danganta da ɗan da ke da mota ko kuɗin mota, kuma a gidanmu ni ne wannan ɗan.

A farkon 2022 aka yi wa idon dama aiki. Aka auna suga da hawan jini, aka yi masa allurar kashe zafi a gefen ido, yana farke, ba a kai rabin awa ba aka fito da shi. Da safe aka cire bandeji. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya dubi rigar ma'aikaciyar jinya ya ce farin ya yi yawa, komai ya yi masa shuɗi-shuɗi. Ya ɗaga tafin hannunsa ya daɗe yana duban zanen da ke ciki. Sannan ya juyo ya ce, "Kayana suna nan?"

Suna nan, a buhun da na zuba su, a ɗakin ajiyar gidana. Tawada ta bushe ta tsattsage a gindin kurtu, alƙaluma da yawa sun karye. Na kawo na ajiye a gabansa na ce, "Baffa, na yi maku laifi, ku yafe mini." Ya ce, "Na yafe tun ranar. Amma ba ka tambaye ni ba, ɗana. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo. Da ka tambaye ni da na gaya maka rubutun ne ya gagare ni, ba zanen ba. Ni ma na san ina tsallake ɗigo, nauyin faɗi nike ji. Da ka ce mani in an gyara idon zan ci gaba, da na bi ka ko Kano ne."

Maganar nan ta tsaya mini, ta sa na shiga karanta labarin masu zane na wasu ƙasashe da ciwo ya kama da tsufa. Su masu zanen surori ne, Baffa kuwa bai taɓa zana abu mai rai ba, kuma ba lallai ya so in jera shi da su ba, amma ciwo bai san wannan bambanci ba. Kulod Mone na Faransa yana ce ta kama shi, likita ya tabbatar masa a 1912. Shi ma launi ya rikice masa, zanensa ya rinjayi ja da ruwan ƙasa, har ya koma karanta sunan da ke jikin mazubin fenti da jera launuka a tsari ɗaya kullum don kada ya ɗauki wani a maimakon wani. Shi ma tsoron aikin ido yake yi, ya yi ta ja da baya fiye da shekara goma. Abokinsa Kilemanso, tsohon firaministan Faransa wanda asalinsa likita ne, bai ce masa ya ajiye buroshi ba. Matsa masa ya yi ta yi har aka yi aikin a 1923, Mone yana da shekara 82. Ya fito yana ƙorafin launi ya canza masa, aka yi ta gwada masa tabarau, ya koma kan manyan zanensa na furen bado har rasuwarsa a 1926, aka kafa su a birnin Faris a 1927. Wani mai zanen, Renuwar, amosanin gaɓɓai ne ya lanƙwashe masa yatsu ya zaunar da shi a keken guragu, sai dai wani ya sa masa buroshi a hannu, a haka ya yi ta aiki har ya rasu a 1919. Matis kuwa bayan tiyatar ciki da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban zane ta yi masa wuya, sai mataimakansa suka riƙa shafa wa takardu fenti, shi yana yankawa da almakashi daga kan gado ko kujera, yana nuna inda za a kafa kowace a bango. A haka ya ƙarasa rayuwarsa a 1954.

Za a ce waɗannan masu kuɗi ne, da barori da likitoci, kuma haka ne. Amma abin da aka yi musu wanda ya fi muhimmanci bai ci kuɗi ba. Na kusa da su sun duba wane yanki na aikin ne ya gagara, suka ɗauke musu shi, suka bar musu sauran. Jera launi a tsari ɗaya ba ya bukatar ko kwabo. Mu a nan mun iya ciyar da tsoho, kuma abin alfahari ne, ba ma kai iyayenmu gidan ajiyar gajiyayyu. Sai dai sau da yawa abin da muke kira hutar da shi, sallamarsa ce. Na ga an yi wa tela haka an sayar da kekensa, na ga an yi wa maƙeri an rufe maƙera, na ga an hana tsohuwa kaɗa audugarta wai kada a ce 'ya'yanta sun gaza. Aika kuɗi ya fi sauƙi a kan zama kusa da mai ciwo a ji daga bakinsa me ya rage masa da me ya tafi. Ni mai sauƙin na zaɓa, na sa masa suna biyayya, Baffa ya biya da ido ɗaya.

Ya koma aiki, amma ba irin na da ba. Mai ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, sai ya kai alƙalami gefen kurtu yana zaton ya tsoma. Saboda haka muka ajiye kurtu muka samo gwangwanaye masu faɗin baki, aka manne su a faranti a jere yadda ya tsara, baƙi a farko, algashi a ƙarshe, ba mai taɓa tsarin. Wani gardi da ya yi karatu a garin shi ke rubuta ayoyin, ya karanto Baffa yana saurare, sannan a kawo wa Baffa ya kewaye. Jikansa, mai biron nan, shi ke jan layukan gida-gida da fensir da rula, Baffa na faɗin adadi. An yi masa tabarau na duban kusa, na sayo fitilar sola don ranakun hazo. Gidajen zanen sun ƙara girma, launukan sun ragu, ƙananan ƙulle-ƙullen da ya yi suna da su ya bar su. Ba zan ce allunan yanzu sun fi na da kyau ba, ba su fi ba. Masu zuwa ma ba su dawo duka ba. Wasu sun saba da bugun kwamfuta da ni na koya musu hanyarsa, wasu garuruwansu sun tashi. Amma ana zuwa, ana zama, yana cin tuwo, kuma yaron ya fara cike gida da kansa in kakan ya gaji.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da safe da sauƙi, in rana ta take sai layi ya riƙa fita da ƙananan haƙora. Maganar a hutar da shi ta sake tasowa, daga bakin 'ya'yansa wannan karon, kuma da hujjoji irin nawa na da. Na ce a yi zaman, amma a zaurensa, yana nan. Aka faɗa masa abin da ake gani, ba a ɓoye ba. Ya ce ya riga kowa gani. Ya ce a naɗa wa alƙaluman tsumma su yi kauri don ya fi jin su a yatsu, a samo masa ɗan katako da zai ɗora tsintsiyar hannu, zai riƙa aiki daga fitowar rana zuwa hantsi kawai. Ya ce jan layin waje ya bar wa yaron daga yau. Ya kuma ce a kai shi likita ya ga hannun tun yanzu, kada a jira.

Na je na karɓo masa kati a Katsina. Da na gaya wa likitan sana'arsa, sai ya ce ranar da za mu zo mu taho da allo biyu, ɗaya na kwanan nan, ɗaya na kafin rawar ta fara, yana so ya gwada layukan. Na kira gida na ce yaron ya ɗauko ko waɗanne ya samu. Baffa ya karɓi wayar ya ce a'a, shi zai zaɓa.